Yadda Ake Tara Tsofaffin Takardun Faretin Mardi Gras na New Orleans

Daga tsakiyar shekarun 1880 har zuwa lokacin da Amurka ta shiga Yaƙin Duniya na Biyu, jaridun birnin New Orleans da ke jihar Louisiana sun riƙa buga wata babbar takarda mai launi a ranakun Mardi Gras (bikin da ake yi gab da azumin Kiristoci), wadda ke ɗauke da zanen kowane amalanken ado da zai fito a faretin ranar, a jere bi da bi kamar yadda alfadarai za su ja su a kan titi. Ana sayar da ita a kan santi 10, girmanta kuma yakan kai kusan inci 28 a gefe ɗaya da 42 a ɗayan, wato ta ɗara mita ɗaya a tsawo. A bayanta ana buga bayanin kowane amalanke tare da tallace-tallacen 'yan kasuwar birnin. Mai kallo yakan riƙe ta a hannu yana bin faretin da ido, kamar yadda mai kallon Hawan Daushe a Kano zai so a ce yana da takardar da ke nuna masa wane hakimi ke biye da wane, sa'an nan idan biki ya tashi ya ninke ta ya aika wa 'yan'uwansa da ke wata jiha, ko kuwa ya yar. Da yake don yini ɗaya aka yi ta, kuma a kan takarda mai araha, kaɗan ne daga cikin waɗanda aka buga suka kai yau lafiya. Wannan ƙaranci shi ya mayar da ita abin nema ga masu tara kayan tarihi, kuma shi ne dalilin da ya sa mai son shiga wannan harka ya kamata ya fara da ilimi kafin ya fito da kuɗi.

Mataki na farko: sanin ƙungiyoyin da shekarunsu

Ba hukumar birni ke shirya faretin Mardi Gras ba. Ƙungiyoyi ne masu zaman kansu, waɗanda yawancinsu ke ɓoye sunayen mambobinsu, kowace da ranarta da takenta na shekara. Huɗu daga cikinsu su ne ginshiƙin wannan fanni, domin galibin tsofaffin takardun da ake samu nasu ne. Comus ita ce babbar yaya, ta fara fareti a 1857, kuma ta riƙa fitowa da dare a ranar Talatar bikin har zuwa 1991. Rex da Momus duka sun bayyana a 1872. Rex kan fito da rana a ranar Talata, ita kuwa Momus ta zauna a kan daren Alhamis da ke gabanin bikin. Proteus ta zo a 1882, ta kuma kama daren Litinin a mafi yawan shekarunta. Wanda ya haddace wannan jeri ya riga ya mallaki ma'aunin farko na gane gaskiyar takarda, saboda ranar da aka buga a jikinta ya kamata ta dace da ranar ƙungiyar.

Ga yadda ake yin wannan lissafi. Mardi Gras ba ta da tsayayyar rana a kalanda. Tana faɗowa ne kwana 47 kafin Ista, a jajibirin azumin Kiristoci, don haka takan kasance tsakanin 3 ga Fabrairu da 9 ga Maris, kuma kullum Talata ce. A 1892, misali, ta faɗo ranar 1 ga Maris. Ke nan takardar Rex ta wannan shekara za ta ɗauki 1 ga Maris, ta Proteus kuwa 29 ga Fabrairu, tunda shekarar mai kwana 366 ce. Idan dillali ya rubuta wata shekara a bayaninsa, amma ranar da ke jikin takardar ba ta faɗo a kan Talata, Litinin ko Alhamis ɗin da ta dace a wannan shekara ba, to ko dai ya yi kuskure ko kuma akwai lauje cikin naɗi. Faretin Rex na 1892 ɗin nan yana da muhimmanci na musamman ga masu tarawa, domin takensa ya shafi ma'anar launuka ne, kuma daga nan aka jingina adalci ga shunayya, imani ga kore, iko ga ruwan zinare, launukan da bikin ke amfani da su har yau.

Haka nan wajibi ne a san shekarun da ba a yi fareti ba. Comus ba ta fito kan titi ba daga 1885 zuwa 1889. An soke faretai a 1918 da 1919 saboda Yaƙin Duniya na Ɗaya, an kuma sake sokewa daga 1942 zuwa 1945. Duk takardar da aka ce ta faretin ɗaya daga cikin waɗannan shekaru ce, ba ta buƙatar dogon bincike kafin a kau da kai daga gare ta. Sunan jaridar da ta buga ma shaida ce. Picayune da Times-Democrat jaridu biyu ne masu gasa da juna, kowace na fitar da nata bugun bikin, har suka haɗe a 1914 suka zama Times-Picayune. Saboda haka takardar da ke ɗauke da haɗaɗɗen sunan ba za ta girmi 1914 ba, wadda kuma ke ɗauke da Times-Democrat ba za ta girmi 1881 ba, shekarar da aka kafa jaridar da wannan suna. A can ƙasan zanen, da ƙananan haruffa, yawanci akwai sunan maɗaba'ar da ta yi aikin launi, T. Fitzwilliam da Walle na daga cikin sunayen da mai tarawa zai riƙa cin karo da su.

Sai masu zanen kansu. Ba kasafai sunansu ke fitowa ɓaro-ɓaro a takardar ba, amma masana sun san wanda ya yi wa kowace ƙungiya aiki a wane zamani, kuma wannan yana taɓa farashi. Bror Anders Wikstrom, ɗan asalin Suwidin wanda ya rasu a 1909, ya daɗe yana zana wa Rex, daga baya ya haɗa da Proteus. Jennie Wilde, wadda ta rasu a 1913, ita ce ta yi fice a zanen Comus, ta kuma yi wa Momus aiki. Carlotta Bonnecaze ta zana wa Proteus daga tsakiyar shekarun 1880 zuwa ƙarshen shekarun 1890. Zamanin waɗannan mutane uku shi ne wanda masu tarawa suka fi zawarci, kuma a ganina suna da hujja, domin a lokacin ne aikin launi ya fi armashi.

Mataki na biyu: horar da ido kafin saye

Babu wani bayani a rubuce da zai maye gurbin kallon takardun asali masu yawa, kuma abin farin ciki shi ne ana iya fara wannan kallo ba tare da an biya ko sisi ba. Ɗakin karatu na Jami'ar Tulane yana da tarin kayan bikin, ya kuma ɗora dubban zane-zanen amalanke da tufafi a intanet. Cibiyar Historic New Orleans Collection da gidan tarihin jihar Louisiana, wanda ke da baje kolin Mardi Gras a ginin Presbytère da ke dandalin Jackson, su ma suna da irin waɗannan takardu. Wanda zai bincika shafukansu ko kasuwannin intanet sai ya yi amfani da sunan da ake buga wa takardun da Turanci, wato Carnival Bulletin ko Carnival Edition, ya haɗa da sunan ƙungiya da shekara.

A wannan kallo, abin da ake so ido ya saba da shi shi ne tsarin takardar: take a sama, amalanke kimanin ashirin a jere cikin layuka, kowane da lambarsa da sunansa, sai tallace-tallace a gefe ko a baya. Yana da kyau mutum ya ɗauki zanen asali da mai zane ya yi da hannu, ya ajiye shi kusa da yadda amalanken ya fito a takardar jarida, don ya ga abin da maɗaba'a ta rage da abin da ta ƙara. A nan ne kuma ya dace mutum ya yanke shawarar iyakar abin da zai tara, domin wanda ya ce zai tara komai aljihunsa zai ƙare bai haɗa komai ba. Wani kan zaɓi ƙungiya ɗaya ya bi ta shekara bayan shekara, wani ya zaɓi mai zane ɗaya, wani kuma ya nemi duk takardun shekara ɗaya tak. Ga mai farawa, takardun shekarun 1920 da 1930 sun fi sauƙin samu da sauƙin kuɗi fiye da na ƙarni na 19, kuma kuskure a kansu ba ya ciwo sosai.

Akwai wani abu da ya kamata a faɗa a fili tun a nan. Waɗannan tsofaffin ƙungiyoyi na attajiran fararen fata ne, a zamanin da dokar wariyar launin fata ke aiki a kudancin Amurka, kuma a wasu zane-zanen ana nuna baƙar fata da mutanen Gabas da addinansu ta hanyar izgili ko jahilci. Baƙaƙen birnin, waɗanda su ne ke ɗaukar fitilun da ke haskaka faretin dare, sun kafa tasu ƙungiyar Zulu, wadda ta fara fitowa a 1909. Mai saye yana da haƙƙin ya dubi kowane amalanke da ke jikin takarda ɗaya bayan ɗaya kafin ya yarda ta shiga gidansa, kuma wanda ke tarawa don tarihi ya san cewa wannan ɓangare ma yana cikin abin da takardar ke shaida.

Mataki na uku: rarrabe ta asali da kwafi

Wannan shi ne mataki mafi nauyi, kuma shi ya cancanci a daɗe a kansa. Kwafin waɗannan takardu yana da yawa a kasuwa, kuma ba duka aka yi da niyyar cuta ba: shagunan kayan tsaraba na sake buga su don ado, ƙungiyar Rex kanta ta farfaɗo da al'adar buga takardar fareti a farkon shekarun 2000. Matsalar tana tasowa ne idan sabon bugu ya sha rana ya yi ja, aka sa shi a tsohon firam, aka kai shi kasuwa da sunan tsoho.

Shaidar farko tana cikin yadda aka ɗora launin. Tsofaffin takardun an buga su ne da hanyar ɗab'in dutse, wadda Alois Senefelder ya ƙirƙiro a Jamus a 1796, aka kuma bunƙasa ta zuwa bugun launuka da yawa a shekarun 1830. A wannan hanya ana yin zane da abu mai maiƙo a kan shafaffen dutse, a jiƙa dutsen da ruwa, tawada ta kama wurin maiƙon kawai. Kowane launi yana da nasa dutsen, takarda ɗaya kuma takan bi ta kan duwatsu da yawa kafin ta kammala. Idan aka ɗora gilashin ƙara girma mai ninki 10 a kan fuskar wani doki ko furen da ke jikin amalanke, za a ga launin a shimfiɗe yake, ko kuma a ga ɗigo-ɗigo marasa tsari, manya da ƙanana, kamar yadda hannun mutum ya sa su. A gefen zanen kuma sau da yawa za a tarar ja ya ɗan zarce baƙin layin da ya kamata ya tsaya a kai, ko shuɗi ya hau kan rawaya ya haifar da siririn kore, saboda dutse na biyu bai zauna daidai inda na farko ya zauna ba. Wannan ɗan gocewa, wanda mai ɗab'in wancan zamani zai ɗauka aibi ne, yau alama ce mai kwantar da hankalin mai saye. Kwafin zamani kuwa, idan na injin buga mujalla ne, gilashin zai nuna ɗigo masu tsari ɗaya na launuka huɗu, a jere kamar raga, suna haɗuwa su yi ƙananan da'irori. Idan na firinta ne, za a ga feshin tawada mai laushi ko'ina, har a wuraren da ya kamata a ce takarda ce zalla. Sai dai a kiyaye, domin wannan gwaji ya fi ƙarfi a kan takardun ƙarni na 19 da farkon na 20. A shekarun baya-baya na al'adar maɗaba'u sun riga sun fara sauya hanyoyin aiki, don haka ganin ɗigo mai tsari a takardar shekarun 1930 bai isa shi kaɗai ya sa a yanke mata hukunci ba. Sai an gwada ta da wata sananniya ta wannan shekara.

Shaida ta biyu tana baya. Takardar asali bugun jarida ce mai fuska biyu, don haka bayanta cike yake da rubutu da talla. Yawancin masu kwafi fuskar kawai suke bugawa, su bar bayan fari fat. Saboda wannan, kada a taɓa sayen takarda a kan hoton fuskarta kaɗai. Idan tana cikin firam kuma mai ita ya ƙi buɗewa, to a saye ta da farashin kayan ado, ko a haƙura da ita.

Shaida ta uku ita ce ninki. Takarda mai wannan girma ba ta shiga aljihu ko ambulan sai an ninke ta sau da yawa, kuma shekaru fiye da ɗari sukan bar alamarsu a kan layin ninkin: launi ya goge, takarda ta yi siriri, a mahaɗar layuka biyu kuma sau da yawa akan sami ɗan rami. A kwafi, ana iya ganin hoton ninkin tsohuwar da aka ɗauka, amma idan aka shafa yatsa a wurin, ko aka haska tocila daga gefe ta yadda hasken zai kwanta a kan takardar, sai a tarar wurin sumul yake. Wannan haskawa daga gefe tana kuma tona wuraren da aka cike da sabon fenti, domin ƙyallinsu yakan bambanta da na tsohuwar tawada. Wanda ke da ƙaramar fitilar nan mai shuɗin haske da ake duba kuɗin jabu da ita yana da ƙarin makami: tun daga shekarun 1950 masana'antu ke zuba wa takarda sinadarin da ke ƙara mata fari, wanda ke ƙyalli da shuɗi a ƙarƙashin wannan fitila, tsohuwar takarda kuwa ba ta ƙyalli. Idan ta yi ƙyalli, sabuwa ce. Idan ba ta yi ba, ba a gama magana ba tukuna, domin akwai takardun zamani da ba a sa musu sinadarin. A ƙarshe a auna girma da tef. Kwafi yawanci ƙarami ne, an rage shi don ya shiga firam na kasuwa, ta asali kuma da aka datse gefenta ta rasa wani ɓangare na darajarta.

Mataki na huɗu: kimanta lafiyar takarda da ciniki

Bayan an tabbatar ta asali ce, sai a koma kan halin da take ciki. Takardar jarida ta wancan lokaci daga niƙaƙƙen itace aka yi ta, tana da tsami a jikinta, shi ya sa take yin ja tana ƙeƙashewa har ta riƙa karyewa idan an taɓa. Tsagewa a kan layin ninki abu ne da ake sa rai, kuma gwani na iya gyara shi. Abubuwan da suka fi zubar da daraja su ne ɓacewar wani yanki daga cikin zanen, dusashewar launi saboda daɗewa a rana, tabon tsohon salatif wanda ke barin ruwan ƙasa mai maiƙo da ba ya fita, da kuma manna takardar a kan kwali ko katako da gam. Tabon ruwa da fumfuna suna buƙatar kulawa ta musamman a kayan da suka fito daga New Orleans, birnin da ke da laima ƙwarai, wanda kuma ambaliyar guguwar Katrina ta 2005 ta shanye yawancin unguwanninsa. Takarda mai warin ruɓa kada ta kusanci sauran kayan mutum sai an tabbatar fumfunar ta mutu.

Za a kuma riƙa cin karo da takardun da aka yi wa shafi da ƙyalle a baya don su miƙe su yi ƙarfi. Idan gwani ne ya yi, da sitacin da ake iya jiƙawa a cire, takardar takan samu kariya, amma an rufe rubutun bayanta, wato rabin abin da take ɗauke da shi. Ni dai na fi son wadda ke da tsagewa amma bayanta a buɗe, a kan wadda ta yi kyau a bango alhali ba a iya karanta bayanin amalankenta ko ganin farashin kayan da 'yan kasuwar wancan zamani ke tallatawa.

Wuraren saye su ne gidajen gwanjo na New Orleans irin su Neal Auction Company da Crescent City Auction Gallery, dillalan tsofaffin littattafai da taswirori, sai kasuwannin intanet irin su eBay. Kafin a taya, a duba nawa aka sayar da irinta a baya, domin kuɗin da mai kaya ya sa ba shi ne kuɗin da kaya ke tashi ba. A gidan gwanjo akwai la'adar da mai saye ke biya a kan farashin da aka buga guduma, wadda sau da yawa takan wuce kashi 20 cikin 100, ga kuɗin ɗauri da na aikawa, ga kuɗin fito idan za ta ƙetare iyaka. Duk a haɗa su kafin a sa wa kai iyakar tayi, kuma idan an kai iyakar a tsaya. A nemi mai sayarwa ya aiko da hoton fuska da baya, da hoton kusa na mahaɗar ninki da na sunan maɗaba'a, ya faɗi girmanta, ya kuma rubuta ko an taɓa yi mata gyara da inda ya same ta. Wanda ya ji haushin waɗannan tambayoyi ya riga ya ba da amsa. Wajen aikawa kuwa, tsohuwar takarda mai ƙeƙashewa ba a naɗe ta a cusa cikin siririn bututu. Wadda ta zo a ninke a bar ta a ninkinta na asali, a sa ta tsakanin kwalaye biyu masu ƙarfi; wadda ta daɗe a miƙe a aiko ta a miƙe.

Mataki na biyar: buɗewa da adanawa

Ranar da kaya suka iso, kada a yi gaggawar buɗewa. A bar ƙunshin ya kwana a ɗakin da za a ajiye shi don takardar ta saba da iskar wurin. Sa'an nan a share babban tebur wanda ya fi takardar faɗi, a kashe fanka, a wanke hannu a busar, a kawar da shayi da biro. A buɗe ninki ɗaya bayan ɗaya, tafin hannu na tallafe da ɓangaren da ake ɗagawa. Idan aka ji takardar na turjiya ko tana ƙara kamar busasshen ganye, a tsaya nan take, domin wannan aikin gwanin gyaran takarda ne, wanda zai sa ta a wuri mai ɗan danshi da aka auna har ta yi laushi kafin ya miƙar da ita. Da zarar an miƙar, ba a sake ninkewa.

Abubuwa uku haramun ne a wannan fanni: salatif, gam na kasuwa, da leminatin. Na ukun ya fi buƙatar gargaɗi, domin mun saba kai takardun shaida shago a rufe su da leda mai zafi da nufin kare su. A kan tsohuwar takarda wannan ɓarna ce da ba ta da magani, tunda ledar na narkewa ne ta shiga cikin jikin takardar. Gyaran da masana suka yarda da shi ana yin sa ne da siririyar takardar Japan da ƙullun sitacin alkama, saboda ana iya warware shi ba tare da an bar tabo ba. Wajen ajiya, a shimfiɗa kowace takarda ita kaɗai cikin babban fayil na kwali marar tsami, ko cikin aljihun leda ta foliyesta irin wadda ake kira Mylar ko Melinex, a bar gefe a buɗe don iska ta fita. Ledar PVC mai laushi da wari ba ta dace ba, domin tana fitar da sinadarin da ke lalata tawada. Fayilolin su kwanta a durowa mai faɗi, kada a tsayar da su, kada kuma a ɗora musu nauyi.

Gidajen adana tarihi na ƙoƙarin riƙe zafi a wajen digiri 18 zuwa 21, danshin iska kuma tsakanin kashi 30 da 50 cikin 100, kuma abin da ya fi cutarwa shi ne hawa da sauka na kwatsam. Wanda zai ajiye irin wannan takarda a Kano ko Zinder yana fama da tsaka mai wuya, domin a hunturu iska kan bushe ƙwarai har takarda ta ƙeƙashe, a damina kuma danshi ya hau har fumfuna ta samu wurin zama. Abin da ya fi sauƙi shi ne a zaɓi ɗaki na tsakiyar gida wanda rana ba ta dukan bangonsa, a ɗaga durowar daga ƙasa a kuma janye ta daga bango saboda gara, a ajiye ƙaramin ma'aunin danshi a ciki ana dubawa, a damina kuma a sa ƙullin sinadarin nan mai tsotse danshi da ake samu a kwalin sabon takalmi, amma kada ya taɓa takardar. Kada a fesa maganin ƙwari a kanta. A tsabtace ɗakin, a riƙa buɗe durowar lokaci-lokaci ana neman kashin kyankyaso ko garin da ƙwari masu cin takarda ke bari.

Idan ana so a rataye ta, a nemi gilashin da ke tare hasken da ke dusar da launi, a sa tazara tsakaninsa da takardar, a kuma riƙe ta da 'yan maƙalai na takardar Japan maimakon a manne ta gaba ɗaya. Ko da hakan, haske na cin launi a hankali kuma abin da ya ci ba ya dawowa, shi ya sa gidajen tarihi ke nuna irin waɗannan kaya a haske mai rauni na 'yan watanni su mayar da su duhu. Hanya mafi aminci ita ce a ɗauki hoto mai kyau na takardar, a buga shi a rataye, a rubuta a bayansa cewa kwafi ne don kada wata rana ya ruɗi magada ko mai saye, ta asalin kuma ta zauna a durowa.

Mataki na shida: rubuta tarihin kowace takarda

Kowace takarda ta samu shafinta a littafi ko a kwamfuta: ƙungiya, rana da shekara, taken faretin, jaridar da ta buga, maɗaba'a, mai zane idan an sani, girma, adadin amalanke, kowace tsagewa da tabo da inda suke, gyaran da aka yi da wanda ya yi shi, wurin da aka saya, da abin da aka biya. A haɗa da rasidi da hotunan fuska da baya kamar yadda take ranar da ta iso, domin da su za a gane ko wani tabo sabo ne bayan shekaru. Lambar shafin a rubuta ta da fensir a jikin fayil, ba a jikin takardar ba. Wannan rajista ita ce za ta nuna giɓin da ya rage a jerin da mutum ke bi, ita ce kamfanin inshora zai nema idan an yi gobara ko ambaliya, kuma ita ce gidan gwanjo ko ɗakin karatu zai fara tambaya a ranar da aka tashi sayarwa ko ba da kyauta. A ajiye kwafinta ɗaya a wani wuri dabam da ɗakin da takardun suke.